Mehr Dad na Nurewal, Mai Ɗanɗanar Ginshiƙan Gishiri

Haihuwa da Nasaba

An haifi Mehr Dad ɗan Sher Baz a watan Maris na shekarar 1921, daidai da Rajab na 1339 bayan Hijira, a ƙauyen Nurewal da ke gindin Duwatsun Gishiri a lardin Jhelum. Mahaifinsa mahaƙin gishiri ne, ɗan mahaƙin gishiri. Mahaifiyarsa, Sahib Khatun, tana cikin matan da ke fito da gishiri a ka daga ƙarƙashin ƙasa, kuma an ruwaito cewa ranar da naƙuda ta kama ta, sai da ta sauke kaya na bakwai sannan ta yarda ta koma gida. Shi ne na uku a cikin 'ya'ya takwas, kuma shi kaɗai ne namijin da ya kai girma.

Zuriyar Sher Baz ta shahara da wani aiki da ba kowa ke yinsa ba, wato ɗanɗanar ginshiƙi. Idan ana haƙa ɗaki a cikin dutsen, rabin gishirin ake ci, a bar rabi tsaye ya tallafi rufi. Sai dai ba kowane gishiri ke iya ɗaukar dutse ba, domin akwai wata jijiya mai ɗaci da ke ratsa gishirin kirki, wadda ido ba ya rarrabe ta a hasken fitila, sai harshe. Wannan jijiya makwaɗaiciyar laima ce. Da zarar iska mai danshi ta taɓa ta sai ta soma gumi, ta yi laushi, ta tsiyaye, alhali gishirin da ke gefenta yana nan da ƙarfinsa. Ginshiƙin da ta ratsa ba abin dogaro ba ne, kuma aikin gidan Sher Baz shi ne su gano ta kafin a tura mutane ƙarƙashin rufin.

Karatu da Tarbiyya

Yana da shekara shida aka kai shi masallaci wurin Hafiz Ghulam Nabi, inda ya karanta Alƙur'ani har izu ashirin. Ya kuma yi shekara biyu a makarantar boko, ya bar ta a 1933 lokacin da ciwon ƙirji ya fara kama mahaifinsa, yana iya rubuta sunansa da lambobi, bai wuce nan ba.

Sauran iliminsa a ƙarƙashin ƙasa ya same shi. Sher Baz ya haramta masa barkono da taba da shayi mai zafi tun yana ƙarami, ya kuma hore shi da kurkure baki tsakanin lasa da lasa. Mehr Dad yakan ba da labari cewa wata rana mahaifin ya kama shi da tsinken nama mai yaji a kasuwa, ya fizge, ya ce, "Wa ya ce maka harshen nan naka ne? Na mutanen da ke ƙarƙashin rufi ne, kai ajiya aka ba ka."

Darasi na biyu shi ne liƙe ƙofa. Al'adar Nurewal ce tun kaka da kakanni, idan damina ta gabato sai a toshe bakin kowane ɗakin da ba a aiki a ciki da katako, a yaɓe da laka da ƙaiƙayi, ba a buɗewa sai ruwa ya ɗauke, don kada iskar damina ta shiga ta jiƙa gishirin. Sher Baz yakan maimaita masa cewa laima daga waje take zuwa, wanda ya tsare ƙofa ya tsare ɗaki. A kan wannan aƙida Mehr Dad ya tashi, kuma shekara arba'in bai ga abin da ya saɓa mata ba.

Kama Aiki

An ɗauke shi aiki a 1935 yana ɗan shekara goma sha huɗu, ya gaji matsayin mahaifinsa bayan rasuwarsa a 1941. A shekarar 1947, lokacin da aka raba ƙasar gida biyu, akawunan da ke riƙe da taswirorin ɗakunan ƙasa suka yi ƙaura, takardu da yawa suka salwanta a cikin rikicin, sai ya zamana ba wanda ya san cikin dutsen kamar masu yawo a cikinsa da ƙafa.

Darajarsa ta tabbata ne a 1952, sa'ad da ya hana a ci gaba da aiki a Ɗaki na Sha Ɗaya, ya ce ginshiƙinsa na arewa yana da ɗaci. Injiniyan wancan lokaci bai so ba, amma mahaƙa suka ƙi shiga. Damina biyu bayan haka rufin ya sauko, ba kowa a ciki. Daga nan maganarsa ta zama hujja, ana ce masa Mai Lasa, da farko don tsokana, daga baya don girmamawa.

Wanda bai taɓa barin tsokanar ba shi ne Fateh Khan, abokinsa tun ƙuruciya, mai sa albarushi a ramin haƙar gishirin. Mehr Dad ya girme shi da shekara biyu, don haka Fateh Khan yake kiransa Lala kamar yadda ake kiran wa, shi kuma yana kiransa Fatta. Idan ya same shi manne da bango sai ya ce, "Lala, a rage wa gwamnati saura mana. Ko ɓaunata ba ta kai ka lasa ba." Mehr Dad yakan amsa masa da cewa ɓaunar ta fi maigidanta hankali, tunda ita ta san abin da take sa wa baki.

Aure da Zuriya

A watan Nuwamba na 1946 ya auri Bakht Bhari, ƙanwar Fateh Khan. Allah ya ba su 'ya'ya bakwai, biyu suka koma tun suna goye. Babbansu shi ne Nur Zaman, wanda aka haifa a 1950, sai Fazilat, sai Gul Zaman, sai Anwar Bibi, sai autansu Shah Zaman.

Nur Zaman ya tashi dogo, mai fara'a, mai waƙa a bakin aiki. Ya gama aji takwas, ya shiga ramin a 1968, kuma shi mahaifin ya zaɓa ya gada, ya hana shi barkono kamar yadda aka hana shi, ko da yake kowa ya san yana ci a ɓoye a gidan kawunsa. A watan Disamba na 1975 aka ɗaura masa aure da Sakina, 'yar Fateh Khan, aka ce zumunci ya yi ƙulli biyu.

Al'amarin Alkama

A bazarar 1976 alkama ta yi albarka fiye da yadda rumbunan hukuma za su ɗauka, ga shi kuma an yi ruwan ba-zata tana masussuka. Sai umarni ya zo a nemi busasshen ɗaki a cikin dutsen da za a adana buhu dubu shida har bayan damina. Injiniya ya tara shugabannin aiki ya nemi shawara, Mehr Dad ne ya ambaci Ɗaki na Sha Tara. Ɗaki ne mai faɗi da aka daina haƙa tuntuni, ana sauka cikinsa da matakala goma sha takwas, da ginshiƙi ɗaya babba a tsakiya wanda ya shekara ashirin yana ɗanɗanawa bai taɓa jin ɗaci ba.

"Sahib," in ji shi, yana girmama injiniyan, "jaki ya faɗa ɗakin nan ya mutu tun ina saurayi, har yau ko wari bai yi ba. Gishiri ba ya ɓata abu, gyarawa yake yi."

Ranar da aka fara saukar da buhuna, Fateh Khan ya zura hannu a cikin ɗaya, ya jefa ƙwaya a baki, ya yamutsa fuska.

"Lala, alkamar nan fa ta sha ruwa. Ciza ka ji, ko ƙara ba ta yi."

"Bar ta ta yi kwana arba'in a ɗakina," in ji Mehr Dad, "za ta ƙarasa maka haƙoran nan uku da suka rage."

Aka yi dariya, Fateh Khan ma ya yi, ya saɓa buhu ya sauka. Da aka gama jera su a ƙarshen watan Mayu, Mehr Dad ya liƙe ƙofar da hannunsa, Nur Zaman yana kwaɓa laka. Saboda amanar da aka ba shi, ya yi yaɓe uku maimakon ɗaya da aka saba, har ya ce ko tururuwa ta zo sai ta nemi izini.

Musibar Oktoba 1976

Ranar Talata, 12 ga Oktoba, da hantsi, aka fasa yaɓen. Waɗanda suka halarta sun shaida cewa wata iska mai ɗumi ce ta fara fitowa, da ɗan tsami kamar na ƙullun da ya kwana. A shekarar ne aka raba wa matasan mahaƙa fitilar batir ta ɗaurawa a goshi, Nur Zaman yana cikin waɗanda suka samu. Mehr Dad kuwa ya ƙi rabuwa da fitilarsa ta mai, yana durƙushe yana gyara mata lagwani.

"Abba, kai da fitilar kakanninka sai gobe ku iso," in ji Nur Zaman. "Bari in sauka in gaida maka ginshiƙinka, in ce masa kana tafe."

"Tsaya mana, ɗan jaki, ina zuwa."

Bai tsaya ba. Ya sauka yana rera waƙa, mahaifin ya biyo shi a baya. A matakala ta shida harshen wutar fitilar mai ya ƙanƙance, a ta bakwai ta mutu, ba iska, ba ɗigon ruwa. A daidai nan waƙar ma ta yanke. Mehr Dad ya san ma'anar fitilar da ta mutu haka kawai, ya ƙwala kiran sunan ɗansa, ya yunƙura zai sauka, Fateh Khan da wasu mutum biyu suka rungume shi suka ja shi sama, yana dukansu. Daga bakin ƙofa ana hango hasken fitilar batir a gindin matakala, tana haska bango, ba ta motsi.

Sai da aka ɗauko fanka da bututu daga wani sashe na ramin, aka yi ta hura iska, ana zura fitilar mai da igiya tana mutuwa ana jawowa, har bayan la'asar sannan ta sauka ƙasa da wutarta. Aka fito da Nur Zaman yana da shekara ashirin da shida, ba rauni a jikinsa. Fitilar goshinsa tana nan kunne. Mahaifin ya yi ta jujjuya ta yana neman inda ake kashewa bai gane ba, sai wani ne ya karɓa ya kashe.

Binciken da aka yi ya bayyana cewa alkama mai danshi numfashi take yi kamar mai rai: tana cinye iskar kirki, tana fitar da tururi da wata iska mai nauyi marar launi, wadda ke kwanciya a ƙasa kamar ruwa a kwari. Yaɓen da aka yi don a hana laima shiga shi ne ya hana duka biyun fita. Masu binciken ba su ɗora wa Mehr Dad laifi ba, domin ya bi al'adar da aka sani. Da aka karanta masa sakamakon, abin da ya ce kawai shi ne, "Ni na liƙe." Daga ranar bai sake cin gurasar alkama ba, sai ta gero ko ta masara, ko a biki ko a sadaka.

Sakina tana da ciki wata shida. Ta tafi gidan iyayenta haihuwar fari bisa al'ada, ta haifi 'ya mace a watan Janairu na 1977, aka sa mata Parwin. Fateh Khan bai mayar da su ba. Da Mehr Dad ya je biko, a bakin ƙofa ya tare shi, ya ce, "Na ce maka ciza ka ji." Ya juya ya shige. Shekara goma sha biyu ba su sake magana ba. Bakht Bhari ce kaɗai ke zirga-zirga tsakanin gidan mijinta da na wanta, ba ta kai magana, ba ta kawowa.

Shekarun Awo

Bayan an kwashe ruɓaɓɓiyar alkamar an ƙone, hukumar ramin ta zartar da cewa ba za a sake liƙe Ɗaki na Sha Tara ba har abada, ta kuma sa aka huda masa ramin iska daga saman tudu don kada muguwar iska ta sake taruwa.

A watan Disamba Mehr Dad ya koma ɗakin shi kaɗai. Ya tarar gumin alkamar ya narkar da fuskar ginshiƙin kusan taƙi guda, ya sa harshe, ya ji abin da bai taɓa ji a wurin ba. Jijiya mai ɗaci, kaurin cinyar mutum, ta ratsa ginshiƙin a karkace daga gefe zuwa gefe. Tana ɓoye ne a bayan gishirin kirki tun fil azal, yanzu ta fito fili, ga ƙofa a buɗe, ga rami a sama, kowace damina iska mai laima za ta riƙa ratsa ɗakin dare da rana. Ya roƙi injiniya a bar shi ya liƙe, tunda ba sauran abin da zai yi numfashi a ciki. Injiniyan ya ce, "Baba, ka liƙe sau ɗaya mun ga abin da ya biyo baya. Doka ce, ba ni na yi ta ba."

Sai ya sami igiya ya zagaye ginshiƙin, ya tarar kamu arba'in ne. Ya kuma ƙirga taku daga ƙarƙashin ramin iska zuwa ginshiƙin, taku arba'in da uku ta fuskar alƙibla. Ya hau tudu ya ƙirga daidai haka daga bakin ramin, sai ƙirgen ya ƙare a jikin katangar Fateh Khan, daura da bagaruwar da ke tsakar gidansa. Gidaje goma sha ɗaya ne a wannan layi, an gina su bayan ɓacewar taswira, ba wanda ya san abin da ke ƙarƙashinsu. A inuwar wannan bagaruwa za a riƙa shimfiɗa jikarsa da ke gab da zuwa duniya.

Daga 1977, kowace shekara bayan ɗaukewar ruwa yakan sauka ya auna, ya yi ƙulli a inda igiyar ta haɗu. Ya yi ritaya a 1981, amma masu gadi ba su hana shi shiga ba. Sau uku yana sa a rubuta masa takardar koke. Sau ɗaya aka turo masu dubawa, suka zo a tsakiyar rani, suka ƙwanƙwasa ginshiƙin da guduma suka same shi a bushe, suka rubuta cewa lafiya lau yake. Ya bi gidajen layin ɗaya bayan ɗaya yana gargaɗi, ban da gida ɗaya. Amsar da ta yaɗu a gari ita ce, "Mai Lasa ya ce a fita? Ai shi ne ya ce a shiga."

Ajiye Rawani

Zuwa kakar 1988 igiyar tana da ƙulli goma sha biyu, ginshiƙin ya sauko kamu talatin da uku, ya yi ƙugu kamar turmi. Ranar wata Juma'a a watan Satumba, bayan an sauko daga masallaci, Mehr Dad ya shiga gidan Fateh Khan shi kaɗai, ba wanda ya gayyace shi. Ya same shi a kan gadon igiya a ƙarƙashin bagaruwa, da tukunyar tabarsa, da dattawan layin kusan bakwai. Ya warware igiyar a ƙasa, ya nuna ƙullin farko da na ƙarshe.

"Igiya ka kawo mini?" in ji Fateh Khan. "Ɓaunata tana da tata."

"Fatta, abin da ke riƙe da gadon nan naka ne na auno. Kamu bakwai ya tafi."

"Wa ya faɗa? Harshen nan dai? Wanda ya ce alkama za ta karya mini haƙori?"

"Shi ne. Ba ni da wani."

"To kai shi wani gidan. Nan ya riga ya ci rabonsa."

Mehr Dad ya matso gaban gadon. Ya ɗaga hannu biyu ya sauke rawaninsa, ya sunkuya ya ajiye shi a kan ƙafafun Fateh Khan. Dattawan suka miƙe tsaye gaba ɗaya. A wurinmu, dattijon da ya sa rawaninsa a ƙafar wani ba shi da sauran abin bayarwa, wanda aka yi wa kuwa ba shi da hanyar ƙi sai da abin kunyar da zai bi 'ya'yansa. Abin da aka saba shi ne ya ɗauka nan take ya mayar a kan mai shi.

Fateh Khan ya daɗe yana kallon rawanin. Sannan ya ce, "Ka ɗaure ni, Lala. A gaban mutane ka ɗaure ni. Zan tashi, amma ba don na yarda da kai ba." Ya ɗauki rawanin ya kaɗe, ya danna shi a hammata. "Ranar da ƙasa ta buɗe ka zo ka karɓa. In ba ta buɗe ba, a kai ka kabari haka."

"Na yarda," in ji Mehr Dad. Ya naɗe igiyarsa ya fita da furfurarsa a waje.

A farkon 1989 Fateh Khan ya cire ƙofofi da azarar gidansa, ya yi sabon gini a gangare kusa da rafi. Ganin haka hankalin maƙwabta ya ƙi kwanciya, cikin shekara uku gidaje takwas suka bi shi, biyu suka zauna.

Ƙasa kuwa ba ta buɗe ba. Damina biyar ta wuce, kangayen suna tsaye, awaki suna kwana a ciki. Waɗanda suka tashi suka soma ƙorafi cewa an raba su da gidajensu a banza, wasu suka daina amsa masa sallama. Shekara shida Mehr Dad yana yawo ba rawani, sai 'yar hular salla, ya ƙi karɓar sabon da 'ya'yansa suka kawo masa. A 1991 harshensa ya mutu, ya daina rarrabe gishiri da sukari. Ciwon ƙirjin da ya ɗauke mahaifinsa ya kama shi, ƙulli na ƙarshe a 1992 Gul Zaman ne ya sauka ya yi masa.

Ruftawar Tudu

A watan Agusta na 1994 aka yi kwana tara ana ruwa. Ƙofofin gidaje biyun da suka rage suka daina rufuwa, tsaga ta bayyana a bango, sai mutanensu suka tuna abin da suka shekara goma sha bakwai suna ji, suka kwashe yara suka sauko. Ranar Alhamis, 11 ga wata, da hantsi, wani tsoho daga cikinsu mai suna Allah Ditta ya koma kwance akuyarsa. Yana ciki tudun ya rufta, gidaje goma sha ɗaya suka nutse a lokaci guda. Ba a sami gawarsa ba.

Washegari Fateh Khan ya zo gidan Mehr Dad, yana dogara sanda, da ƙunshi biyu a hannu. Ya same shi kwance a rumfa. Mai wannan rubutu yana cikin waɗanda ke zaune a wurin.

"Lala, tashi. Kan nan ya sha rana ya isa."

"Wa tudun ya rufta da shi?" in ji Mehr Dad.

"Ditta. Shi da akuyarsa."

Mehr Dad ya rufe ido. Can ya ce, "Biyu ke nan a wuyana, shi da ɗana."

"Biyu me? Mu fa? Ƙirga mu mana, ai ka iya ƙirga."

"Bagaruwar fa?"

"Ta tafi. Ko kan reshe ba a gani."

Fateh Khan ya kwance ƙunshi na farko, ya fito da rawanin a wanke, a ninke. Aka tayar da Mehr Dad zaune, ya shiga naɗa masa, yana warwarewa yana sakewa.

"Har yau ba ka iya naɗi ba, Fatta."

"Kanka ne ya ƙanƙance kamar ginshiƙinka." Ya ja bakin rawanin ya soke. Bai ɗaga ido ba ya ce, "Na san ta jiƙe, Lala. Na faɗa sau ɗaya, kuka yi dariya, ni ma na yi. Da bayana na saukar da buhunan nan. Shekara goma sha takwas ina bar maka kayan kai kaɗai."

Bakht Bhari ta ja mayafi ta shige ɗaki. Sai Fateh Khan ya kwance ƙunshi na biyu, gurasar alkama ce guda biyu, da sauran ɗuminsu. Ya ce Parwin ce ta gasa, ta kuma ce kada ya dawo mata da su. Mehr Dad ya riƙe ɗaya a hannu tsawon lokaci. Daga bisani ya gutsuri loma ɗaya, ya tauna a hankali, ya haɗiye.

"Ba na jin komai," in ji shi. "Amma ka ce mata gishirin ya yi daidai."

Wafati da Jana'iza

Bai sake tashi daga wannan jinya ba. Allah Ya yi masa rasuwa ranar Juma'a, 18 ga Nuwamba 1994, daidai da tsakiyar Jimada Sani 1415, bayan sallar asuba, yana da shekara saba'in da uku. An yi masa salla bayan Juma'a a filin masallacin Nurewal, limamin gari ya ja, mahaƙan dukkan sassan ramin suka halarta. Fateh Khan ne ya shiga kabarin tare da Gul Zaman suka karɓe shi. An binne shi a maƙabartar gangare, a gefen ɗansa Nur Zaman, bisa wasiyyarsa. A rana ta uku aka naɗa wa Gul Zaman rawanin a gaban jama'a. Igiyar kuwa, mai ƙulli goma sha shida, tana rataye a rumfar gidan har yanzu, ba wanda ya gaji aikin da aka yi da ita.

Ya rasu ya bar matarsa Bakht Bhari da 'ya'ya huɗu: Fazilat, da Gul Zaman, da Anwar Bibi, da Shah Zaman. Allah Ya gafarta masa, Ya yalwata kabarinsa, Ya haɗa shi da ɗansa a gidan rahama. Ya kuma bar jikoki goma sha tara, babbarsu ita ce Parwin 'yar marigayi Nur Zaman, wadda ranar da tudun ya rufta tana tsakar sabon gida a bakin rafi tana wanke tukwane, ta ji ƙarar, ta ɗauka tsawa ce, ta tashi ta kwashe shanya.